Hoton da Baba Bai Rataye Ba

Ina Kanya Babba a cikin wani gidan suna, na durƙusa ina gyara wa mai jego ɗaurin ɗankwali kafin in ɗauke ta da jaririnta, sai wayata ta yi ƙara. Yaya Musa ne, babban wanmu. Bai ja gaisuwa yadda ya saba ba. Ya ce, "Rabi, ki ajiye aikin nan ki taho gida. Baba ya cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, matan da ke ɗakin suka kama tare da ni tun ba su san wanda aka rasa ba. Da na ce musu Malam Hamisu mai hoto ne na Kazaure, kakar jaririn ta dafe ƙirji, ta ce hoton mijinta guda ɗaya da ya rage mata shi ya ɗauka. Ita ta fita da kanta ta samo mini ɗan acaɓan da ya kai ni tasha.

Ba zan ce mutuwar ta zo mana ba zato ba. Ya daɗe yana fama da ƙirji, shekaru kuma sun ja. Umma ta ce da safen ya yi sallarsa a zaune, ya sha kokonsa, ya tambaya ko an ba tumaki dusa, sannan ya ce zai ɗan kishingiɗa. Daga nan bai tashi ba. Na isa ana shirin fita da shi, na samu na ga fuskarsa a sake kamar mai barcin rana. Na yi kuka iya kukana, amma wanda ya ga irin wannan cikawa ba ya rasa abin gode wa Allah, kuma ba da baƙin ciki nake wannan rubutu ba.

Da wuya a shiga gida daga Roni zuwa Gwiwa, daga Babura zuwa ƙauyukan bakin iyaka, a rasa hoton da Baba ya ɗauka a ƙasan adaka. Tun ana yin baƙi da fari ya fara. Yana da shago kusa da kasuwa, ranar kasuwar ƙauye kuma sai ya ɗaura kamara da labulensa a bayan babur ya tafi. Labulen yana da zanen bene da jirgin sama. Yana kuma ajiye da kwat guda ɗaya da agogon hannu da ya daɗe da tsayawa, saboda manomin da ke son aika hoto ga ɗansa a birni. Agogon nan ya zaga hannun rabin ƙasar Kazaure.

Ba shi da sauri, ni kuwa da gaggawa aka haife ni, mun sha saɓawa a kan haka. Sai ya gyara wa mutum zaman hula, ya saukar masa da kafaɗa, ya ja shi da hira har tsoron kamara ya fita daga idonsa, sannan ya danna. Yakan ce, "Aron fuskarsa mutum ya ba ka, to ka mayar masa da ita da kyau." Na taɓa ganin ya yaga hoton wani dattijo don ya fito baki buɗe, ya hau babur ya koma Gwiwa ya sake ɗaukarsa.

Ni shigata sana'ar larura ce ta kawo. Akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure, matan ciki kuma suna son hoton biki da na suna kamar kowa. Baba ya dubi 'ya'yansa maza ya ga hankalinsu na wajen boko da kasuwa, ya dube ni ya ga mai rawar kai, sai ya rataya mini kamara. An yi surutu a unguwa, har baffanmu, yayan Baba, ya zo takanas ya ce ba a san 'ya mace da yawon gidaje ba. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce, "To, Yaya, ko dai ni in riƙa shiga?" Maganar ba ta sake tashi ba.

Dokokinsa biyu ne da ba ya ɗaga ƙafa a kansu. Ta farko, hoton mace ba ya hawa bangon shago. Bangonmu cike yake da 'yan ƙwallo da direbobin da suka jingina da motocin da ba nasu ba, amma amarya komai kyanta, hotonta daga wanki sai ambulan, daga ambulan sai hannun mai shi. Ta biyu, kowane hoto sai an juya shi an buga masa hatimi mai sunan Baba da sunan gari. A baya ake bugawa, don kada tawada ta ɓata wa mutum fuska. Haka ya tarar ana yi, kuma a zamaninsa hakan ya wadatar, domin duk inda hoto ya je sunan mai shi yana goye a bayansa.

Zamani ne ya zo da abin da hatimin bai sani ba. Na'urar kwafi da wayar hannu gaban hoto kawai suke ɗauka, ba ruwansu da bayansa. Akwai hoton dam da duwatsun Kazaure da Baba ya ɗauka da damina. Mun gan shi a kalandar masu kanti, mun gan shi a bangon littafin rubutun 'yan makaranta, babu inda aka ce ga wanda ya ɗauka. Ni nakan yi tsalle in dire, in ce sata ce tsirara. Shi kuwa sai ya karɓi kalandar ya duba ko sun fito da kalar daidai, ya ce, "Dutsen na Allah ne, ruwan na Allah ne, ni wajen tsayawa kawai na sani." Amma kada a ɗauka waliyyi nake zanawa. Wata rana na tarar da shi ya ƙura wa kalandar ido, ya ce a hankali, "Da sun sa sunan ko da ƙananan baƙaƙe ne, da na ji daɗi." Yana son a san aikinsa, kamar kowane mai sana'a.

Sau ɗaya na ga kwafin hoto ya tayar masa da hankali, kuma labarin da na zauna in bayar ke nan. Wata rana da hantsi wani Bafulatani magidanci ya shigo shagon, sandarsa a kafaɗa. Sunansa Bello, daga wata ruga a bayan Roni. Ya yi sallama a gajarce, ya zaro wata ledar yogot da aka sha aka yar, duk ta yi dumu-dumu da taɓo, ya shimfiɗa ta a kan teburin Baba. A jikin ledar akwai hoton wata mata da ƙwarya a ka, tana dariya har haƙoranta a waje.

"Malam, ka gane wannan?"

Baba ya sa tabarau ya duba. Ya ce, "Dudu ce. Ni na ɗauka."

"Innata ce. A kwata na tsinto ta, a bakin kasuwa. Nawa suka ba ka?"

Na miƙe zan mayar masa da magana, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya goge taɓon da ke jikin ledar da bakin rigarsa, ya ce, "Zauna, Bello. Ban sayar ba, amma ba zan ce sai ka yarda da ni yau ba. Ka ba ni lokaci." Ni ma sai na koma na zauna.

Hoton ya haura shekara talatin. Goggo Dudu, kamar yadda kowa ke kiranta yanzu, tana da ƙuruciya a lokacin, tana kawo nono kasuwar Roni. Ita ta zo da kanta ta ce a ɗauke ta, za ta aika wa mahaifiyarta can cikin Nijar. Ta ƙi labulen jirgi, ta ce ba ta taɓa hawa ba, ba za ta yi wa uwarta ƙarya ba. Ta tsaya a gindin wata tsamiya ta ɗaure fuska tamau. Kakan Baba daga Borno ya zo, kowa kuma ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Sai ya ce mata, "Ke baiwata, haka ake tsayawa a gaban ubangida?" Dariya ta ƙwace mata, ya danna. Tun daga ranar, in sun haɗu sai sun yi musun wane ne bawan wani.

Wanda bai san kunyar Fulani ba zai ce mene ne abin damuwa, ai kyau ta yi. Matar da ba ta iya cin abinci a gaban surukinta ce aka buga tana wage baki, aka raba wa duniya. Yara suka laƙaba mata Goggo Yogot, jikokinta suka riƙa dawowa daga makaranta da kuka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ganin ana shanyewa a yar, a taka, akuya ta bi ta tauna. Ta daina zuwa kasuwa, ta daina zuwa biki, ta shige ɗaki ta zauna. A ranta kuma ta riƙe cewa Babarbaren da ta amince wa ne ya sayar da ita.

Ba a sha wuya wajen gano ɓarakar ba. Ƙanin Bello da ke aiki a Kano ya taɓa kai hoton wani shagon kwamfuta a ƙara masa girma. An ƙara an ba shi, amma kwafin ya zauna a cikin kwamfutar, daga nan ya shiga wayoyi, ya yi ta yawo har ya faɗa hannun mai zana wa wani ƙaramin kamfanin yogot leda. Bello ya dawo ya faɗa mana da bakinsa, kansa a sunkuye, yana neman gafara. Baba ya ce babu komai, amma wanke sunansa bai cire fuskar Dudu daga kwata ba.

Muka je wajen Barista Aminu, ɗan maƙwabcinmu, wanda Baba ya ɗauka hoton shiga firamare yana kuka. Shi ya warware mana dokar haƙƙin mallaka da Hausar da muke ji. Ya ce hoto na wanda ya ɗauka ne tun daga lokacin da ya danna, ko ya yi rajista ko bai yi ba, kuma ba mai ikon buga shi ya yi kasuwanci sai da izininsa. Ya ce sabuwar dokar ta ƙara da cewa wanda ya sa aka ɗauke shi don amfanin gidansa yana da bakin hana a baza hoton a bainar jama'a. Baba ya yi murmushi ya ce, "Ashe gwamnati ta biyo ta shagona." Barista ya ce saura abu ɗaya. Masu kamfanin za su ce a intanet suka tsinta, to da me za a nuna na Baba ne?

Baba bai taɓa zubar da fim ba, wato siririyar ledar nan mai duhu da ake wanke hoto daga jikinta. Shi uwar hoto yake ce mata. Da kamarar zamani ta shigo, abokan sana'arsa da yawa sun ƙone nasu, Umma ma ta sha roƙonsa ya rage mata tarkace. Nasa suna cikin gwangwanayen madara, kowace kasuwa da nata. Ya fito da na Roni, ya zauna a ƙofar shago yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken rana, da idon da ya riga ya gaji. Na ce ya bari in duba masa, ya ce ni ban san tsamiyar ba. An kwana biyu ana haka, sannan na ji ya ce alhamdu lillahi. Hotuna uku ne a jere a fim ɗin. Na farko ta ɗaure fuska, na tsakiya tana dariya, na ƙarshe ta rufe baki da tafin hannu.

Barista ya ce a wanke na tsakiyar da girma don a je da shi. Da aka kawo shi a cikin firam, Baba ya jingina shi da bango ya zauna yana kallo. Bai taɓa ganinsa ya wuce girman tafin hannu ba. Hasken da ya ratso ganyen tsamiya ya sauka a kan ƙwaryar da gefen fuskarta, har zanen jikin ƙwaryar ya fito ɗaya-ɗaya. Can ya ce, "Rabi, duk rayuwata ban ɗauki kamar wannan ba." Na duba, na ga gaskiya ya faɗa.

Barista ya rubuta wa kamfanin takarda, suka gayyace mu Kano, har da Bello. Na tafi da shirin faɗa, har na haddace abin da zan ce, sai muka tarar da manaja mai ladabi wanda ya rusuna ya gai da Baba. Da ya ga fim ɗin bai yi musu ba. Ya ce mai zanen ya gaya musu hoton ba shi da mai shi. Sannan ya kawo tasa shawarar.

"Baba, ledar nan ta karɓu, da ita mutane suka san mu. Tunda doka ta ce hoton naka ne, ka ba mu izini a rubuce. Za mu riƙa biyanka, mu kuma buga sunanka a jikin kowace leda, Malam Hamisu, Kazaure."

Na saci kallon Baba. Sana'ar ta ja baya, kowa ya zama mai hoto da wayarsa, rufin shagonmu na yoyo. Ga kuma sunan nan da ya yi shekaru yana so a sa. Ni kaina sai da na haɗiyi yawu.

Baba ya ce, "Yaro, na gode, Allah ya yi albarka. Hoton nawa ne, haka ne. Amma fuskar da ke ciki tana da mai ita, tana nan da ranta a bayan Roni, ta daina fita saboda ledarku. In na sa hannu, ka ga yanzu ne na sayar da ita."

Barista ya ƙara da cewa ko Baba ya sa hannu, ita ma tana da bakin magana a doka. Manajan ya roƙi a bar su su ƙarar da ledar da suka riga suka buga. Baba ya juya wajen Bello ya ce shi ke da amsa, Bello ya girgiza kai. A ƙarshe aka daidaita ba tare da an shiga kotu ba, a kan su janye ledar, su sake zane, su ba da diyya ga mai hoto da mai fuska. Baba bai yi fulako ba, ya karɓi nasa ya gyara rufi, ya ce haƙƙinsa ne. Ba a jima ba yogot ɗin ya fito da zanen saniya, wadda har yau ba ta kai ƙarar kowa ba.

A hanyar dawowa Barista ya ce mana mun taki sa'a. Doka tana nan, amma ta fi zama a birni. Da Baba ya ƙone fim ɗinsa, ko da ba mu da lauya a maƙota, da sai dai Goggo ta ci gaba da zaman ɗaki. Na tuna masu zanen hula na unguwarmu da ake kwashe musu zane a kai wa inji, da mawaƙan da ake tura waƙoƙinsu a waya a bakin tasha ba da saninsu ba. Yawancinsu ba su san akwai dokar da ta san da zamansu ba. Har yau ina ganin da za a riƙa bayaninta a rediyo da Hausa da Fulatanci, a kuma sami inda ɗan ƙauye zai kai kukansa a kusa, da an rage zalunci mai yawa.

Bayan ƙura ta lafa muka je rugar da babban hoton. Goggo Dudu ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo kindirmo, ta zauna a gefe tana kallon ƙasa. Baba ya ce, "Baiwa ta ga ubangida, ko gaisuwa babu?" Ba ta ɗago ba ta ce, "Bawan da ya bari aka sace kayan uwargijiyarsa, wace gaisuwa zai samu?" Daga nan na san an shirya. Ya kwance hoton ya nuna mata. Ta kalla, ta kau da kai, ta sake kalla ta gefen ido.

Sai Baba ya yi abin da ban taɓa ji ya yi ba. Ya ce, "Dudu, ina da roƙo. Ban taɓa rataye hoton mace a shagona ba. Wannan kuwa shi ne aikin da ya fi kowane a hannuna. In kin yarda, ina so in rataye shi, in sa sunana a ƙasa, kafin in mutu a ce ga abin da Hamisu ya iya."

Ta daɗe tana wasa da bakin tabarma. Ta ce, "Malam, an gan ni ya isa. Ka bar ni in huta."

Ya ce, "To, shi ke nan." Ya miƙa mata hoton, ya zaro fim ɗin daga aljihu a naɗe cikin takarda ya ɗora a kai. Ya ce ta adana, daga yau ba mai sake wanke shi sai ta so. Ta ɗaga fim ɗin a rana, ta ga kanta da farar fuska da baƙaƙen haƙora, ta ce, "A'uzu billahi, wannan ai aljana ce!" Muka yi dariya har da shi.

A mota na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, duniya duk ta ga hoton nan a leda. Kai da ka ɗauka, kai da ka sha wahalar ƙwato shi, kai kaɗai ne ba za ka nuna ba?" Ya ce, "Don ɓarawo ya shiga gida, ba a mayar da ƙofar gidan hanya." Na ce to ya sake gwadawa in ta huce. Ya ce mai kunya in ka tambaye shi sau biyu, tilasta shi ka yi. Bai sake tayar mata da maganar ba, ko da yake ta dawo kasuwa, in ta shigo Kazaure kuma takan biyo ta shago ta ajiye masa nono su yi musunsu. Amma na san abin na ransa. Tun kafin mu je rugar ya sa na cire hotunan 'yan ƙwallo daga wani gurbi a bango, daidai saitin kujerarsa, kuma bai taɓa cewa a mayar ba.

Ana zaman makokin Baba, mata sun cika tsakar gida, sai ga Goggo Dudu ta yi sallama, ta ɗauko wani abu mai faɗi a ka a naɗe cikin zane. Ta yi wa Umma ta'aziyya, ta yi addu'a mai tsawo da Fulatanci, sannan ta yafuto ni muka koma gefe.

"Rabi, shagon wa zai riƙe yanzu?"

"Ni ce, Goggo."

"To, ungo. Ki rataye."

Na ce, "Goggo, ai kin ce masa a'a."

Ta ce, "Na ce. Ta yaya zan zauna a bangon namiji ina yi masa dariya daga safe har yamma? Ko bawana ne, ai namiji ne. Na so in na ƙara tsufa in ce ya zo ya ɗauka, sai ya riga ni." Ta share ido da bakin mayafi. "Ki rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, mutane su san ya iya aiki. Amma uwar hoton tana wurina. Kada ki bari a ɗauka da waya. Ranar da na aiko a sauke kuma, ki sauke."

Na ce, "To, Goggo." Na san abin da Baba zai ce ke nan.

Hoton yana bango yanzu, sunansa a ƙasa. Mutane na shigowa su tsaya su kalla, tsofaffi su ce Allah ya jiƙan Malam, matasa su kai hannu aljihu in ce su mayar da wayar. Wani lokaci nakan ji zafin cewa bai gan shi a wurin ba ko na yini ɗaya. Sai in tuna da ya rataye shi ba da yardarta ba, da bai iya zama a gabansa ba, sai in ji raina ya yi sanyi in ci gaba da aikina.

Ya Allah, ga bawanka Hamisu ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya suturta matan mutane, ka suturta shi ranar da asirai ke tonuwa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa tare da iyayensa. Ka ba Umma haƙurin rashin abokin zamanta, ka haɗa kanmu mu 'ya'yansa da jikokinsa, ka ba mu ikon riƙe amanar mutane yadda ya riƙe. Waɗanda suka tako ta'aziyya daga nesa da kusa, Allah ya ba da lada. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Goggo Dudu kuma, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Har yau ba ta aiko a sauke ba.